Ƙamshin Ciyawa a Matsayin Tarko: Nazarin Alaƙar Ciyawar Napier da Tsutsar Kara

Tsakure

Wannan muƙala ta duba yadda ƙamshin ciyawar kiwo ta Napier ke janyo ƙwarin da ke haifar da tsutsar kara, da yadda masana a Kenya suka mayar da shi makamin kare masara.

1.0 Gabatarwa

Tsutsar kara, irin su Busseola fusca da Chilo partellus, tana huda karan masara da dawa ta cinye cikinsa, shuka ta ƙi yin zangarniyar kirki. Nau'in farko sananne ne a gonakin dawa na Arewacin Nijeriya. Uwarta, wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare, takan gano inda za ta yi ƙwai ne ta hanyar sansanar iska da 'yan ƙahonninta.

2.0 Yadda Ƙamshin ke Aiki

Ganyen ciyawa yana fitar da sinadarai masu bin iska, daga cikinsu akwai hezanal. Bincike ya nuna cewa Napier tana ƙara yawan waɗannan sinadarai matuƙa a sa'ar farko bayan faɗuwar rana, fiye da yadda masara ke yi. Wannan kuwa shi ne lokacin da uwar tsutsar ke fita neman wurin ƙwai, don haka takan fifita ciyawar. Sai dai zaɓin nata yakan zama ajalin 'ya'yanta, domin da zarar sun fara huda kara, ciyawar na tsatso da wani ruwa mai danƙo da ke riƙe su, akasarinsu su mutu.

3.0 Amfani a Gona

A shekarun 1990, cibiyar icipe ta Kenya da ta Rothamsted a Ingila suka gina dabarar "kora da janyowa" a kan wannan giɓi. Ana kewaye gona da Napier, a shuka Desmodium tsakanin kunyoyin masara. Desmodium na danne ƙuduji, kuma dukkansu biyun abincin dabbobi ne.

4.0 Kammalawa

Ƙamshi yana jagorantar ƙwaro, amma ba ya tabbatar masa da abinci. Kafin a kawo dabarar ƙasar Hausa, wajibi ne a gwada ciyayin gida masu jure fari, irin su gamba da kyasuwa, domin wadda ta janyo ƙwaro ba ta kashe shi ba, sheƙa ta gina masa a bakin gona.