Yaron Da Ake Kira Bai Waiwayo Ba

Jama'a, tun da aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairun 2019, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, ake ta kiran iyaye su kai yara masu buƙata ta musamman makaranta. Madalla. Sai dai kai yaro aji ba shi ne karatu ba, muddin wanda zai karɓe shi bai san abin da zai duba ba.

Wani babban abin tayar da hankali shi ne kurumtar da ba a gano da wuri ba. Makaho ana ganinsa, gurgu ma haka, amma yaron da ba ya ji yana zaune cikin 'yan'uwansa kamar kowa. A kira shi ya yi shiru, a ce taurin kai. A yi masa tambaya ya zuba ido, a ce daƙiƙi ne, sai bulala. Alhali ƙyanda ce ta taɓa shi, ko shawara tun yana jariri, ko ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka yi wa sakaci, ko sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka rasa jinsu.

Harshen yaro yana da daminarsa. Manomin da ya bi ruwan shuka, geronsa kan yi kai ya cika rumbu. Wanda ya bari sai marka ta kankama, ko ya zuba taki, ko ya kwana a gona, karmami zai kwasa. Shekaru ukun farko su ne ruwan shukar magana, ko ta baki ko ta hannu.

Saboda haka ke ma'aikaciyar rigakafi, kada ki tsaya kan allura da cika kati kawai. Tambayi uwa: yana firgita in an buga ƙofa? Ya fara gwarancin jarirai? Ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba? To, in an ga alamar matsala, a tura shi ga likitan kunne, kada a ce nauyin baki ne gadon gidansu. Kai kuma malam, zaunar da shi gaba, ka dube shi in za ka yi magana, ka daina bayani kana fuskantar allo. Ka koyi maganar hannu. Ba ta rage maka girma. Kwalejin horon malaman ilimi na musamman da ke Oyo da sashen irin wannan ilimi a Jami'ar Bayero don haka aka kafa su, kuma makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano ba za ta ɗauke 'ya'yan kowa ba.

Kai mai dukan yaro kan abin da bai ji ba, ka ji tsoron Allah! Saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma Manzon Allah (SAW) ya naɗa shi ladani. Wane ne kai da za ka ɗaure wa yaro fuska?

Sauran a taƙaice. Mai ƙanƙance ido wajen kallon allo, a gwada ganinsa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma ba a cusa wa mai ita cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe har ta lafa. Hedimasta kuwa ya sa a yi gangare a ƙofar aji da ta makewayi, don mai keken guragu ya shiga da kansa.