Garambawul da Ƙarin Ƙarfi: Harshen Kanikawa a Gyaran Tsohon Injin Land Cruiser a Fagge da Sabon Gari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Hausar gareji ke bayyana sabunta tsohon injin motar shiga daji, inda ta ɗauki injin 1HZ na Toyota Land Cruiser a matsayin misali. An nuna cewa kalmar “ƙarfi” ita kaɗai ke ɗaukar ma’anoni uku mabambanta, kuma haɗuwarsu a baki ɗaya na iya jawo wa mai mota asarar inji.

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce ta ayarin fatake a wajen ganuwar Kano. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari a kusa da ita, wadda daga baya ta zama matattarar masu sayar da kayan gyaran mota, musamman ’yan ƙabilar Ibo. Saboda haka bakaniken wannan yanki yana ciniki da harshe biyu ko uku, amma da Hausa yake koyar da yaransa. A wannan Hausar ake adana ilimin sana’ar, domin kusan duk da baka maigida ke miƙa shi ga yaro.

2.0 Injin da Ake Magana a Kansa

Kamfanin Toyota ya fito da jerin Land Cruiser 70 a 1984, sannan ya kawo injin 1HZ a 1990. Inji ne na dizal mai silinda 6, girmansa lita 4.2, ƙarfinsa kimanin doki 130. Ba shi da tabo, wato na’urar da hayaƙin inji ke juyawa ta tura ƙarin iska cikin silinda, kuma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a tare da shi. Wannan ya sa masu zirga-zirga a yashi da hanyoyin karkara, har zuwa Agadas, suke riƙe shi shekara da shekaru, domin ana iya gyara shi a gindin bishiya.

3.0 Sunaye na Aro, Aikatau na Gida

Sunayen sassan inji kusan duk aro ne daga Ingilishi, an daidaita su da tsarin sautin Hausa. Sautin /p/ ya koma /f/ a fistin da fulogi, /v/ ya koma /b/ a bawul, an kuma saƙa wasali tsakanin baƙaƙe a birki da kuloci. Aikatau kuwa na Hausa ne tsantsa, kuma da yawansu an ɗauko su daga jikin mai rai. Inji yana tashi, yana mutuwa, yana shan mai, yana ɗaukar zafi. Idan ya lalace gaba ɗaya sai a ce ya buga, kamar yadda ake faɗa wa zuciya.

Kalmar garambawul ta fi sauran tafiya mai nisa. Tushenta kalmar Ingilishi ce, overhaul, kuma a yau an fi jin ta a labaran rediyo idan gwamna ya sauya kwamishinoni. A gareji tana nan da ma’anarta ta asali: a sauke inji, a warware shi, a auna kowane sashe, a sauya abin da ya cinye, a sake ɗaurawa.

4.0 Ma’anonin “Ƙarfi”

Idan mai mota ya ce wa bakanike a ƙara wa motarsa ƙarfi, yana iya nufin ta dawo yadda take tana sabuwa, ko ta riƙa ja da kaya a yashi da hawa, ko ta ƙara gudu a kwalta. Hausa tana da “ja” da “gudu”, waɗanda za su iya raba biyun ƙarshe, amma a wajen ciniki “ƙarfi” ke haɗiye su.

Garambawul ma’ana ta farko kaɗai yake biya. A nan ne ake samun ruɗani mafi yawa, domin ana yawan ɗauka cewa faɗaɗa ramin silinda yana ƙara girman inji ƙwarai. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Faɗin ramin silindar 1HZ milimita 94 ne. Idan aka rarake shi da rabin milimita don a sa fistin mai ɗan girma, abin da ya ƙaru a girman inji bai wuce kashi 1 cikin 100 ba sai da kaɗan. Ƙarfin da direba ke ji bayan an gama aiki, wanda ya ɓace ne ya dawo, saboda sababbin zobban fistin sun daina barin matsin iska ya sulale. Bakaniken da ya ce “na ƙara mata ƙarfi” bai yi ƙarya ba a Hausar gareji, sai dai mai motar ya ji abin da ba a yi ba.

Ƙarin ƙarfi na haƙiƙa yana buƙatar ƙarin iska da ƙarin mai a tare. Hanya mafi araha ita ce a murɗa ƙusar famfon mai don ya ƙara kwarara. Mota za ta ɗan ƙara ja, amma man da bai sami isasshiyar iska ba zai fita a baƙin hayaƙi, zafin cikin silinda kuma ya haura. Hanya ta biyu ita ce ɗora tabo, kuma a nan tsarin injin ke ja da baya. Shi 1HZ yana fara ƙona mai ne a wani ɗan ɗaki da ke cikin kan inji, kuma yana matse iska fiye da ninki 22. Ɗan’uwansa 1HD-T, wanda Toyota ta ƙera da tabo tun daga masana’anta a shekarar 1990 ɗin, yana feso mai kai tsaye a kan fistin, matsinsa bai kai ninki 19 ba, fistin ɗinsa kuma an yi su don jure zafin. Girman injunan ɗaya ne, amma wanda ya ɗora wa 1HZ tabo ya kuma buɗe masa mai da yawa yana gab da fasa fistin ko tsaga kan inji. A Kano, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, wannan haɗari ya fi kusa, musamman idan lagireto ya tsufa. Duk waɗannan lahani mabambanta, kalma ɗaya ke jiransu: “ya buga”.

5.0 Giɓin da Ya Shafi Manazarta

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ya fi karkata ga fagagen da malamai ke ciki. Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Dalhatu Muhammad ya tace, ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma ya yi amfani matuƙa a azuzuwa. Gareji ba ya buƙatar a ƙirƙira masa wani suna na fistin ko bawul. Waɗannan sun riga sun zama Hausa, kuma babu bakaniken da zai sake su. Inda giɓin yake shi ne kalmomin awo da na rarrabewa: tazarar da ke tsakanin fistin da bangon silinda, zafin hayaƙin da ke fita, da bambancin ƙarfin murɗawa da ƙarfin doki. Waɗannan su ne abubuwan da littafin masana’anta ke bayarwa da lambobi cikin Ingilishi, yaron gareji kuwa yana koyon su da kunne da tafin hannu, ta hanyar sauraron ƙarar inji da taɓa murfin lagireto.