Ɗigogin Bogi a Taswirar da Aka Gina Daga Hotuna

Fotogirametiri ilimi ne na fitar da awo da siffar abu daga hotuna masu yawa da aka ɗauka ta kusurwoyi daban-daban, kuma abin da manhajoji irin su Metashape da Pix4D da OpenDroneMap suke samarwa shi ne tarin ɗigogi, wato miliyoyin ɗigogi waɗanda kowanne yake da matsayinsa na tsawo da faɗi da bisa. Manhaja tana neman alama guda a cikin hotuna biyu ko fiye, bisa dabaru irin SIFT wadda David Lowe ya kammala bayaninta a 2004, sannan ta lissafa inda layukan gani suka haɗu. Duk inda ta haɗa alamomin da ba ɗaya ba, sai ɗigo ya bayyana a inda babu komai.

Sababbin masu safiyo da jirgi maras matuƙi sukan garzaya wajen share irin waɗannan ɗigogi, alhali kamanninsu ne ke nuna musabbabinsu. Idan suka taru a ƙarƙashin tafki ko suka yi shawagi a saman sabon rufin kwano, to ƙyalli ne, domin hasken da ke dawowa daga ruwa da kwano da gilashi yana sauya wuri duk lokacin da kyamara ta matsa. Ramuka a farin bango ko a filin yashi kuwa rashin alamar kamawa ne ke jawo su, kuma hazon hunturu yana ƙara dagula lamarin saboda yana dusashe bambancin launi. Dishi-dishin hoto lissafi ne mai sauƙi: jirgin da ke tafiyar mita 10 a daƙiƙa, kyamararsa tana buɗewa na kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa, ya riga ya matsa santimita 2 kafin ta rufe, wanda ya kai faɗin fiksel guda a aikin da kowane fiksel ke wakiltar santimita 2 a ƙasa. Maganinsa rage gudu ko gajarta buɗewar, tare da tabbatar da cewa kowane hoto ya maimaita kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na wanda ya gabace shi.

Matsalar da ta fi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani, domin ɗigogin suna fitowa tsaf, amma shimfiɗaɗɗen fili ya lanƙwashe kamar ƙwarya a kife. A 2014, Mike James da Stuart Robson sun nuna cewa hakan na faruwa ne idan duk hotunan suna kallon ƙasa kai tsaye a layuka masu jere, sannan aka bar manhaja ta ƙiyasta karkacewar gilashin kyamara da kanta, wato yadda gilashin ke lanƙwasa layuka a gefen hoto. Ƙaramin kuskure a wannan ƙiyasi yakan taru har ya ɗaga tsakiyar fili ko ya dulmuyar da ita. Sun nuna kuma cewa ƙara hotuna da kyamara a karkace yana rage shi ƙwarai. Sai alamomin ƙasa da aka auna da GPS mai inganci, waɗanda ya kamata a watsa har tsakiyar fili, ba gefe kaɗai ba, a kuma ware wasunsu kada su shiga lissafi, domin da su za a gwada sakamakon daga baya.

Wajen share ɗigogin bogi kuwa, matatar da ke cikin manhajar CloudCompare tana auna nisan kowane ɗigo da maƙwabtansa, ta jefar da wanda ya yi nisa fiye da kima, kuma tana da amfani ga ɗigogin da suka warwatsu. Sai dai ba ta bambance bogi da abu siriri, shi ya sa wayoyin lantarki da turaku sukan tafi tare da dattin, ba ta kuma gyara lanƙwasar fili ko kaɗan. Don haka ake ajiye kwafin asali kafin a tace. Injiniyan da zai tsara magudanar ruwa ko ya lissafa yawan ƙasar da za a haƙa bai kamata ya karɓi aikin da rahotonsa bai nuna kuskuren alamomin gwaji a santimita ba.