Filin Shawara: Makaho ya kasa cike fom a shafin hukumarmu, oga ya ce a tura shi kafe

Gwaggo,

Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata hukumar gwamnatin jiha, kuma ni ke kula da shafinmu na intanet. Kwanakin baya muka buɗe cike fom na tallafin karatu. Ana cikin haka sai ga wani ɗalibi mai lalurar gani, ƙanensa na yi masa jagora. Ya ciro wayarsa ya ce in saurara. Yana shafa allon tana karanta masa komai, amma da ya shiga shafinmu ba abin da take faɗi sai "maɓalli, maɓalli, hoto". Ya ce ya kwana biyu yana fama, da ƙyar ya kai ƙarshe, sai ya tarar da karkatattun haruffan nan da ake cewa a kwafa don a tabbatar mutum ne. Nan ya tsaya cik.

Na kai wa darakta maganar. Ya ce babu kuɗi a kasafin bana, kuma makafi nawa ne ma ke hawa intanet? A ba yaron kuɗin mota ya je kafe a cike masa. Na miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce ba bara ya zo ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, ɗan kwangila ne ya gina shafin, kuma ba na so a ce na yi wa oga rashin kunya. Yaya zan yi?

Ɗanki, daga Arewa maso Yamma

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan abu ya dame ka.

Kafin komai, ka nemo yaron nan tun ba a rufe fom ba. Lambarsa tana cikin abin da ya fara cikewa, ko a littafin baƙi na bakin ƙofa. Ka ba shi haƙuri, ku zauna a ofis ku ƙarasa, shi da hannunsa, kai kana cire masa abin da ya tare hanya. Kada damarsa ta wuce ana jiran takarda ta zagaya tebura.

Ina so ka gane dalilin da ya sa ya ƙi kuɗin motar, don nan ne zuciyar maganar. Me ake nema a fom ɗin tallafi? Lambar NIN, lambar asusun banki, sakamakon jarrabawa, wani lokaci har abin da mahaifi ke samu, ko yana raye ko ya rasu. Ɗalibi mai gani zai cike wannan a ɗakinsa da tsakar dare, ba wanda ya sani. Shi kuwa an ce ya je shago cike da mutane, ya faɗi lambobinsa da ƙarfi ga yaron da bai sani ba, a zaɓa masa kalmar sirri, a buga abin da ba shi da hanyar dubawa. In an yi kuskure a harafi ɗaya na sunansa, shi zai yi ta zarya. In an kwafi lambobinsa, shi za a damfara. Mutumin da ya koyi karatu, ya kai jami'a, ya ƙware a wayarsa har ya iya nuna maka inda aikinku ya gaza, ba taimako ya rasa ba. Sirrinsa yake karewa, kuma yana da gaskiya.

Sai tambayar darakta: makafi nawa ne ke hawa intanet? Kada ka ji haushinsa, yawancin mutane ba su taɓa ganin makaho yana aiki da waya ba. Amma kusan duk wayar Android tana zuwa da manhajar TalkBack, iPhone kuma da VoiceOver, kuma aikinsu ke nan, su karanta wa mutum abin da ke kan allo. A kwamfuta akwai JAWS, wadda ake saye, akwai kuma NVDA, wadda kyauta ce. Wasu makafi biyu ’yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, aikin da aka fara a 2006. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Kuma ba makafi kaɗai shafin ke kora ba. Akwai wanda hannunsa ke rawa, ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta. Akwai kurma. Akwai tsohon ma'aikaci mai bin fanshonsa wanda yanar ido ta rage masa gani. In ba ku ganin su a shafinku, ba don babu su ba ne, sun gwada ne sun haƙura.

Maganar doka ma tana gefenka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta haramta a bambanta mutum saboda naƙasarsa, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Daga ita aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Tun 2010 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet ƙarara cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. Jihohi da dama sun yi tasu dokar, ka bincika ta jiharku ka riƙe kwafi. Tunda hukuma ta ce ba ta karɓar fom a takarda sai ta shafi, to shafin ya zama ƙofar ofis, kuma ƙofar da ke buɗewa ga wasu ta ƙi wasu ba a ce an gama gina ta ba.

Yanzu ga abin da nake so ka ji da kyau: mafi yawan gyaran nan ba ya jiran kasafi. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM tana duba shafuka miliyan 1 kowace shekara tun 2019, kuma kullum sama da kashi 90 cikin 100 suna faɗuwa. Abin da ke kayar da su ’yan abubuwa ne masu maimaituwa: rubutu mai dusasshen launi, hoto babu bayani, gurbin fom babu suna, maɓalli babu suna. Duk aikin hannunka ne.

Gobe da safe ka buɗe shafin, ka ture linzami gefe, ka bi shi da maɓallin Tab kaɗai. Ka lura: kana ganin inda kake? Kana iya buɗe jerin ƙananan hukumomi ka zaɓi ɗaya? Kana isa wurin aikawa? Bayan nan ka saukar da NVDA, ka kashe hasken allo, ka gwada neman tallafin kamar kai ne ɗalibin. Za ka ji wannan "maɓalli, maɓalli" da kunnenka. Dalilinsa shi ne mai ginin ya zana alama mai kyau a ido amma bai rubuta mata suna a ciki ba, don haka manhaja ba ta da abin karantawa. Layi guda ne ke gyara kowanne. Haka guraben fom: kowane gurbi a ɗaura masa sunansa, don in mutum ya isa wurin wayar ta ce masa "ranar haihuwa", ba ta yi shiru ba. In ya yi kuskure, kada a tsaya ga mayar da gurbin ja. A rubuta a fili cewa lambar ba ta cika ba, don ba kowa ke ganin ja ba.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, kuma ita ta fi ci mini rai. A buga sanarwa, oga ya sa hannu, a buga hatimi, sai a ɗauke ta hoto da waya ko a yi sikanin a ɗora. Ga mai gani takarda ce. Ga manhajar karatu hoto ne kurum, ba ta ganin ko harafi ɗaya a ciki. Ranar rufe fom, sharuɗɗa, jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, duk a kulle. Alhali rubutun yana nan a kwamfutar sakatare. Ka roƙe shi ya riƙa turo maka, ka manna a shafi a matsayin rubutu, in ana son hatimi a sa hoton a ƙasa. Wannan ko sisi ba ya ci, kuma mai ƙaramar waya a ƙauye da ke tattalin data shi ma zai gode maka.

Launi kuma akwai ma'auni. Ƙa'idojin da duniya ke bi, WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ke fitarwa (na baya-bayan nan, 2.2, ya fito a Oktoban 2023), sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Akwai shafukan kyauta da ke auna maka. Rubutun toka-toka a kan fari, ko rawaya a kan kore don a dace da tambarin hukuma, yawanci ba ya kaiwa. Karkatattun haruffan nan kuwa, ko dai a haɗa su da zaɓin sauraro, ko a musanya su da lambar da ake turawa ta saƙon waya. Sannan a ƙara lokacin da shafi ke ba mutum kafin ya fitar da shi, ko a tambaye shi ko yana son ƙari, don mai bin fom da kunne ya fi mai ido jimawa.

Zan ja kunnenka kan abu ɗaya. Da zarar maganar ta fito, wani zai zo da tallan wata ’yar manhaja da ake liƙawa a gefen shafi, ya ce ita kaɗai ta gyara komai. Kada ku saya da wannan zaton. A 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa wani kamfani mai irin wannan haja ya biya dala miliyan 1 saboda iƙirarin da ya wuce gaskiya. Gyara a cikin ginin shafin yake.

Shi kuwa darakta, kada ka tunkare shi da doka a gaban mutane. Ka fara gyara abin da ke hannunka, sannan ka rubuta masa takarda mai shafi ɗaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, ga abin da aka yi ba da kuɗi ba, ga abin da ya rage a wuyan ɗan kwangila, ga dokar da ta shafe mu. Ka nemi izini ya ba ka minti goma, ka kunna masa wayar a teburinsa ya ji da kansa. Manya da yawa da ba sa jin bayani suna jin wannan. In ya ɗauki abin ya zama nasa a gaban kwamishina, ka bar masa, ba suna kake nema ba. Ka duba takardar kwangilar kuma. In akwai sauran biya ko wa'adin gyara kyauta, nan ne za a matsa. Kwangila ta gaba a rubuta a ciki cewa ba a biyan cikon kuɗi sai shafi ya cika mataki na AA na WCAG.

Kuma kada ka ce an gama don kai ka gwada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka gayyaci ɗalibin nan da wasu biyu ko uku, har da kurma da mai raunin hannu, su bi shafin kana kallo kana rubutawa. A biya su, don aiki suka yi. Wannan kuɗin za su karɓa.

*

Gwaggo barka da aiki. Ni kurma ce, ina sana'ar ɗinki. Wata hukuma ta sanar da rancen masu ƙananan sana'o'i, amma duk bayanin a bidiyo ne, wani jami'i yana magana, babu rubutu a ƙasa. Wurin tuntuɓa kuma lambar waya ce kawai, ta kira. Na tura saƙo ba amsa. Mijina ya ce in haƙura, wai gwamnati ba ta sauraron irinmu. In haƙura?

’Yarki

A'a ’yata, kada ki haƙura. Maigidanki tausayinki yake ji, ba ya son ki sha wahalar banza, amma abin da kike nema ƙarami ne kuma haƙƙinki ne: a rubuta abin da jami'in ya faɗa, a ba da hanyar tuntuɓa ta rubutu.

Ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, gajeriya. Ki faɗi wane bidiyo ne, ranar da kika gan shi, da abin da kike so: cikakken bayanin a rubuce, rubutu a ƙasan bidiyo, mai fassara da maganar hannu in zai yiwu, da lambar WhatsApp ko imel da ake amsawa. Ki yi kwafi biyu, ki kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga miki hatimin karɓa a kan naki. Wannan hatimin shi ne shaidarki, ki adana shi.

Kada ki tafi ke kaɗai in da hali. Ki sanar da reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa a jiharku, ko haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, don wasiƙar da ƙungiya ta biyo bayanta ba a cika jefa ta a aljihun tebur ba. Na tabbata ba ke kaɗai ce telar da bidiyon ya bari a baya ba. In mako biyu ya wuce shiru, ki kai kwafin ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi.

Kafin nan, kada ranar rufewa ta same ki kina jiran amsa. Ki sa wata ’yar'uwa da kika amince da ita ta kalli bidiyon ta rubuta miki sharuɗɗan, ki haɗa takardunki ki nema. Ki rubuto mini yadda aka ƙare.