Ƙaba bayan aikin rage ƙiba: yaushe za a sake yin tiyata?

A da, masu ƙaba da ke zuwa ɗakin tiyata daga Maiurno da ƙauyukan Jazira a Sudan galibi manoma ne da masu dakon buhunan dawa, sai matan da ɗinkin tiyatar haihuwa ya saki. Yanzu muna ganin wasu daban: 'yan'uwanmu da suka zauna a Saudiyya ko suka je Alkahira aka yi musu aikin rage ƙiba. Wasu takmim aka yi musu, aka yanke mafi yawan tumbi aka bar shi siriri. Wasu kuma hanya aka sauya wa abinci, yana tsallake wani sashe na hanji. Jiki ya sauka, an yi murna, sai ga kumburi a cibiya ko a kan tabon aikin.

Tambayata ta farko ga mara lafiya ita ce: wane irin aiki aka yi maka? Da yawa ba su sani ba, takardun kuma suna can an baro su. Don Allah a nemo su, ko da hotonsu ne a waya, domin amsar ce ke raba wanda zai iya jira da wanda jira zai halaka.

Wanda aka sauya wa hanyar abinci yana iya samun ƙabar da ido ba ya gani. Kitsen da ya cike tsakanin hanji ya narke, ramuka sun buɗe, sai hanji ya zurma ciki ya murɗe. Babu kumburi ko kaɗan a waje. Ciwon ciki ne mai zuwa yana tafiya, sau da yawa bayan cin abinci, wani lokaci da amai. A ƙauye sai a ce gyambon ciki ne ko taifod, a yi ta shan magani. Ko hoton CT yakan kasa nuna ta. Mai irin wannan tarihi da irin wannan ciwo, wurin likitan tiyata ya kamata ya nufa, ba kantin magani ba.

Ƙabar waje kuwa, in tana da laushi, tana komawa idan an kwanta, ba na gaggawar taɓa ta. Nauyin jiki yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya tsaya, kuma gyara ya fi riƙewa bayan nan. Kafin ranar aiki muna duba jini da abin da mutum ke ci, don wanda aka rage wa tumbi yakan rasa ƙarfe da bitamin B12 da abinci mai gina jiki, rauni kuwa ba ya haɗewa a jikin da bai ƙoshi ba. Ƙwai, kifi, madara da wake su rigayi tuwon asida shiga ciki. A daidaita sukari, a bar sigari aƙalla mako 4, a magance tari da taurin bayan gida. Macen da ke son ƙara haihuwa ta faɗa tun farko, domin ciki na iya warware gyaran.

Mutane na tsoron ragar da ake sakawa wajen gyaran ƙaba, suna cewa baƙon abu ne a jiki. Wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2000, ya nuna cewa cikin shekara 3 ƙabar tabo ta dawo wa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka ɗinke kawai, da kashi 24 na waɗanda aka sa wa raga. Raga ma takan kamu da ƙwayar cuta, ba na ɓoye wa kowa. Amma duk gyaran da ya warware, na bayansa ya fi wuya, shi ya sa na fi son a yi sau ɗaya da shiri.

Sai a lissafa da hanya. Kowa ya san lakar Jazira da damina, motar da ta kafe tana iya kwana. Yaƙi ma ya taɓa asibitoci, Wad Madani kanta ta kasance a hannun dakarun RSF daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025. Wanda ke nesa da Sinnar, Singa ko Damazin, gara ya sa ranar aikinsa da rani bayan girbi, ya tanadi mai ba shi jini, ya kuma samu wanda zai ɗauke masa kaya masu nauyi kamar mako 6.

Idan kumburi ya taurare, ya ƙi komawa, ga ciwo da amai, ba tusa ba bayan gida, hanji ne ya maƙale, kuma cikin sa'o'i kaɗan yana iya mutuwa. Kada a danna da ƙarfi, kada a ɗaure da rawani, kada a sa wuta. A daina ci da sha, a ɗauki takardu, a kama hanyar asibiti mai ɗakin tiyata ko da tsakar dare ne.