Darasi: Masu Tafiya da Ƙafa a Montgomery

A karanta Matta 5:38-48.

Ran 1 ga Disamba 1955, a birnin Montgomery na Amurka, aka kama wata mai ɗinki, Rosa Parks, don ta ƙi ba Bature wurin zamanta cikin bas. Baƙar fata suka daina shiga bas har kwana 381, da yawa suna zuwa aiki da ƙafa.

A Janairu 1956 aka jefa bam gidan shugabansu, Fasto Martin Luther King, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Allah ya tsare su. Jama'a suka taru, waɗansu da makamai. 'Yan'uwa, wa zai ga laifinsu? Amma ya fito ya roƙe su su koma gida, kada su rama.

A Nuwamba, babbar kotun ƙasar ta haramta wannan wariya cikin bas.