Ba allurar insulin ce ta taɓa ƙodar yaron ba

Akwai wata magana da ta ishi likitocin yara, wadda ke yawo a barandar asibitoci tana komawa gidaje: wai allurar insulin ce ke kashe ƙoda. Yadda take tasowa kusan iri ɗaya ne. An kawo yaro ɗan shekara tara ko goma ranga-ranga, an tsaga yatsa an ce ciwon suga ne, an ɗaura ruwa, an fara insulin. Washegari likita ya zo zagaye da takardar gwaji, ya ce ƙoda ta taɓu. Sai wata gwaggo da ta zo dubiya ta yanke hukunci daga kan tabarma: ai lafiya ƙalau yaron nan yake fitsari, sai da aka soma yi masa allurar nan. Kafin la'asar zancen ya shiga WhatsApp na dangi, kafin magariba uba ya fara neman a sallame su.

Da gwaggon za ta duba lokacin da aka rubuta a saman takardar, da ta ga cewa jinin da ya nuna matsalar an ɗebe shi ne a ɗakin gaggawa, tun kafin ɗigon insulin ya shiga jikin yaron. Da raunin ƙodarsa ya zo daga gida.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Ciwon sugan yara, wanda ake kira nau'i na ɗaya, yana zuwa ne idan jiki ya daina samar da insulin. Suga ya taru a jini, idan ya haura wajen 180 a ma'aunin da aka saba gani a na'urar gwaji, ƙoda ta kasa riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari yana jan ruwa da gishirin jiki. Kwana da kwanaki yaro na tsiyayewa. Jiki kuma da ya rasa hanyar amfani da suga sai ya koma ƙona kitse, wannan ya haifar da sinadarin kiton mai sa jini tsami. Amai ya biyo baya, ruwan da yaron ke sha ya daina zama. Jinin da ke isa ƙoda ya ragu, ita kuwa ba ta aiki sai da wadataccen jini, sai dattin da ya kamata ta tace ya soma taruwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ko a ƙasashen da asibiti ke kusa da kowa. A asibitin yara na birnin Bankuba da ke Kanada, an bi bayanan kwanciya 165 na yaran da suka zo da wannan tsamin jini, aka wallafa sakamakon a 2017: a 106 daga ciki, wato kashi 64 cikin ɗari, ƙoda ta taɓu. Biyu kacal suka kai ga wankin ƙoda. Wani binciken da ya fi shi girma a Amurka, na 2020, ya duba kwanciya 1,359, ya sami matsalar a kashi 43 cikin ɗari. Can ke nan, inda yaro ba ya yin sati biyu yana yawo tsakanin kemis da mai magani. Sai a kwatanta da yaron da ke Sakkwato ko Maraɗi a watan Afirilu, zufa na ɗibar nata, fitsari na ɗibar nasa.

Game da insulin kuwa, hujja ta juya ne gaba ɗaya. Babban gwajin da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993, kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, ya nuna cewa waɗanda aka tsananta kula da sugansu da insulin sun fi sauran tsira daga lalacewar ƙoda, har alamarta ta farko a fitsari ta ragu da kashi 39 cikin ɗari. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya daɗewa a duniya. Uban da ya cire ɗansa daga asibiti don gudun allura ya mayar da shi wancan zamanin ne da hannunsa. Babu ganye, babu jiƙo, babu ƙwaya da ke maye gurbinta a wannan nau'in, duk abin da mai talla da lasifika zai faɗa a bakin kasuwa.

Gargaɗin da ya kamata a nanata har a gaji da ji shi ne wannan: yawan fitsari ba shaidar lafiyar ƙoda ba ne. Kowa ya tashi da sanin cewa mai ciwon ƙoda fitsarinsa ɗaukewa yake yi, jikinsa ya kumbura. A yaron da sugansa ya hau, abin ba haka yake farawa ba. Suga ne ke tilasta wa ruwa fita, don haka yaro na iya cika fo sau biyar cikin dare alhali ƙodarsa na shan wuya. Ba uwa kaɗai wannan ke ruɗa ba, har da ma'aikacin lafiya da ya tambaya "yana fitsari?" aka ce masa "sosai ma", ya wuce gado na gaba. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne gwajin jini na kiriyatinin, kuma sai an auna shi da shekaru da tsayin yaron. Lambar da za a gani a takardar magidanci a ce lafiya lau, a jikin yarinya 'yar shekara biyar tana iya zama ninki biyu na abin da ya dace. Takardun ɗakin gwaji da yawa ma'aunin manya suke bugawa a gefe, mai gaggawa ya kalla ya ga babu abin da ya fita layi. Idan kuwa aka kai matakin da fitsarin ya ragu ko ya tsaya cik bayan kwanakin ambaliya, wannan ba sauƙi ne ya samu ba. Ƙodar ce ta gaza.

Kafin a iso asibiti ma an riga an yi wa ƙodar ɗauki ba daɗi. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun yana shekara uku ya dawo yana jiƙa katifa, sai a yi masa faɗa, a hana shi ruwa daga la'asar. Yana ramewa duk da yawan ci, sai a ce tsutsar ciki ce. Kiyashi na taruwa inda ya tsuguna, kowa ya gani, babu wanda ya yi tunanin suga, domin ai ciwon suga na alhazai ne masu tumbi. Ya fara amai da ciwon ciki, sai kemis. Can a ce maleriya da taifot, ba gwaji, a haɗo ibuprofen ko diclofenac, wani lokaci a ƙara da allurar gentamicin. Duk ukun nan suna cutar da ƙodar da ruwa ya ƙare wa. A gida kuma, saboda tausayi, a buɗe masa lemon kwalba ko maltina don ya ji ƙarfi. Mafi muni shi ne ƙaramin asibitin da zai ɗaura wa yaro ruwa mai suga ba tare da tsaga yatsarsa ba, gwajin da ba ya cin minti ɗaya. Wurin da ke da gadon kwantar da yaro amma ba shi da tsinken gwajin suga, ko yana da na'urar babu batir, ba shi da uzuri.

Abin yi ga iyaye kaɗan ne. Yaron da ya haɗa ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a gwada sugansa a ranar, ba sai an ga abin da hali zai yi ba. Idan na'ura ta nuna 200 ko sama, a nufi babban asibiti mai sashen yara kai tsaye. Idan yana amai, ko yana jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, ko bakinsa na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ko barci na rinjayarsa, to ba a jiran gari ya waye. A hanya a ba shi ruwa zalla idan yana iya haɗiya. A tafi da duk kwalin magani da gorar jiƙon da aka ba shi, a faɗa wa likita gaskiya, kunya ba ta da amfani a nan.

A asibiti ruwan gishiri ake fara ɗaurawa, insulin ta biyo bayan kamar awa ɗaya, a hankali ta jijiya. Ruwan da jiki ya rasa ana mayar da shi ne cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ana lura da hankalin yaron saboda haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ɗan jinya da ke murɗa robar ruwa don ta yi saurin ƙarewa yake wasa da rai. Akwai kuma batun sinadarin fotasiyam: yawancin yaran nan na bukatarsa a cikin ruwan, amma idan ƙoda ta tsaya yana iya taruwa ya taɓa zuciya, don haka ake maimaita ɗibar jini. Iyaye kan yi ƙorafin an cika zuƙe jinin yaro, ga tsadar gwaji. Ƙorafin kuɗin gaskiya ne, amma gwajin ba na cin riba ba ne. Haka ma auna fitsari a mazubi mai lamba yana da amfaninsa, shi ya sa ake ce wa uwa kada ta zubar sai ma'aikaciyar jinya ta rubuta.

Yawancin yaran nan ƙodarsu na farfaɗowa cikin 'yan kwanaki da zarar ruwa ya koma jiki. Sai dai ba a rufe littafi a ranar sallama. Ƙa'ida ita ce a sake duba ƙodar bayan wata 3, da gwajin jini da na fitsari da awon hawan jini, domin an lura yaran da ƙodarsu ta taɓa taɓuwa sun fi sauran saurin nuna alamun ciwon ƙoda na masu suga daga baya. A rubuta a katin yaron cewa hakan ta faru, a riƙa nuna wa duk wanda zai rubuta masa magani. Ranar da kuma ya yi zazzaɓi ya ƙi cin abinci, ba a dakatar da insulin. A ƙara yawan gwajin suga, a yawaita ba shi ruwa, a kira likitansa ya faɗi yadda za a daidaita allurar.